Yadda Ake Bin Sawun Binciken Masanin Tsirrai Kan Sukari, Da Yadda Ake Auna Tasirinsa

Ɗalibin da ke karatun aikin gona ko ilimin halittu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, yakan gamu da buƙatar ya gabatar da aikin wani masani, ya kuma bayyana irin tasirin da aikin ya yi a fagen ilimi. Abin da aka saba yi shi ne a shiga intanet, a kwafo adadin waɗanda suka ambaci masanin a rubuce-rubucensu, a jera lambobin yabon da aka ba shi, a rufe babin. Wannan ba ya gamsar da malamin da ya san fannin, domin adadi ba ya faɗin abin da mutum ya gano, balle abin da ganowar ta sauya. Hanyar da ta fi inganci ita ce a ɗauki tambaya guda daga cikin aikin masanin, a bi ta baya a ga inda ta samo asali, sannan a bi ta gaba a ga abin da ta haifar. Za a nuna yadda ake yin haka da aikin Marshall Hatch, masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostireliya, saboda abin da ya gano a ganyen rake shi ne yake gudana a ganyen gero, da dawa, da masara, har ma da ayar da ake nomawa a wajajen Agiye da Cadawa.

A fara da sanin inda masanin yake tsaye

Kafin a buɗe maƙala ko guda, wajibi ne ɗalibi ya riƙe tafiyar sukari a jikin tsiro. Ganye yana shaƙar iskar kabon dayoksaid ta ƙananan ƙofofin da ke fatarsa, ya haɗa ta da ruwa ta amfani da ƙarfin hasken rana, ya ƙera sukari. Wani kaso yakan zauna a cikin ganyen a matsayin sitaci, wanda tsiron ke ci da dare, sauran kuma a mai da shi sukuros, wato irin sukarin da ake zubawa a shayi, a tura shi ta jijiyoyin abinci zuwa saiwa da kara da zangarniya. Ganye dai shi ne gonar, kara da ƙwaya kuwa su ne rumbun. Kusan duk binciken da aka yi kan wannan al'amari yana tsaye a ɗaya daga wurare uku, ko ƙirar sukarin, ko jigilarsa, ko ajiyarsa. Ernst Münch na Jamus, wanda ya bayyana a 1930 cewa bambancin matsin ruwa ne ke tura sukari daga ganye zuwa inda ake buƙatarsa, mutumin jigila ne. Luis Leloir da Carlos Cardini, waɗanda suka gano a birnin Buwenos Aires a shekarun 1950 yadda tsiro ke ƙulla ƙananan nau'o'in sukari biyu, gulukos da furuktos, su zama sukuros, mutanen ƙira ne. Hatch kuwa da ajiya ya fara, domin a farkon shekarun 1960 yana aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani kamfanin sukari a birnin Birisben, yana binciken yadda karan rake ke tara zaƙi, daga nan tambayar ta ja shi zuwa ganye. Ɗalibin da ya iya faɗin wannan a jimla biyu ya riga ya san maƙalolin da zai karanta da waɗanda zai tsallake.

Daga nan sai a nemo maƙalar asali, kada a tsaya ga abin da wasu suka ce ta ƙunsa. Wadda ake buƙata a nan ita ce wadda Hatch da abokin aikinsa Roger Slack suka buga a mujallar Biochemical Journal a 1966. Tsofaffin fitowar wannan mujalla suna nan kyauta a taskar PubMed Central, kuma rubuta sunayen mutanen biyu tare da shekarar ya isa ya fito da ita. Ga mujallun da ake biya, a tambayi ma'aikatan ɗakin karatu game da shirin AGORA, wanda hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe a 2003 domin cibiyoyin ilimi na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Da yake maƙalar da Ingilishi take, kuma yawancin ɗalibanmu da Faransanci suka yi karatu, babu laifi a yi amfani da na'urar fassara a karatun farko, amma kowane adadi da kowane ma'auni sai an koma an duba shi a rubutun asali.

Karanta hanyar gwaji kafin sakamako

A nan ne ya kamata a zauna sosai. Kada a fara da gabatarwa ko kammalawa, a tafi kai tsaye ga sashen da ya bayyana abin da aka yi da hannu, sannan a dubi zane-zane da jadawalin sakamako, a yi ƙoƙarin fahimtar su kafin a ji fassarar marubutan.

A lokacin da aka yi wannan aiki, masana sun ɗauka an gama magana kan yadda ganye ke kama iskar kabon. Melvin Calvin da Andrew Benson da James Bassham sun yi gwaji a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli da wata ƴar ƙaramar gansakukar ruwa, suka nuna cewa sinadarin farko da ke samuwa yana da ƙwayar kabon uku, kuma Calvin ya sami lambar Nobel a 1961 saboda wannan aiki. Hatch da Slack sun bi irin dabararsu, amma da ganyen rake da aka yanko daga jikin tsiron. Sun ba ganyen iskar da ke ɗauke da kabon-14, wani nau'in kabon mai fitar da ƙarfin nukiliya wanda na'ura ke iya bin sawunsa, suka bar shi cikin haske na ɗan lokaci ƙanƙane, sannan suka tsayar da aikinsa nan take, suka duba sinadaran da alamar ta shiga. Bayan kimanin daƙiƙa ɗaya, fiye da kashi 90 cikin ɗari na alamar yana cikin wasu asid guda uku masu ƙwayar kabon huɗu. Sai da aka ƙara lokaci ne alamar ta bayyana a sinadarin nan mai kabon uku na Calvin, daga bisani ta shiga sukuros. Wannan shi ne asalin rarraba tsirrai zuwa C3 da C4.

Tambayoyin da ɗalibi zai yi wa wannan sashe su ne irin waɗanda mai shakka zai yi. Me ya sa lokacin ya zama daƙiƙa ɗaya, ba minti biyar ba? Domin da an jinkirta, alamar ta bazu cikin sinadarai da yawa, ba za a san na farko ba. Ko yanke ganyen da aka yi ne ya jirkita sakamakon? Marubutan sun hango wannan ƙorafi, suka maimaita gwajin da ganyen da ke jikin tsiron, suka sami abu iri ɗaya. Idan ɗalibi ya rubuta irin waɗannan tambayoyi da amsoshinsu da kalmominsa, to ya karanta maƙalar. Idan bai iya ba, to kallonta kawai ya yi.

Akwai kuma abin da mai dogaro da littafin aji ba zai taɓa lura da shi ba. Tsarin da Hatch da Slack suka zana a 1966 ba shi ne cif-cif wanda ake koyarwa a yau ba. Sai a shekarun da suka biyo baya, da aikinsu da na wasu, aka fahimci cewa aikin ya kasu tsakanin rukuni biyu na ƙwayoyin halittar da ke cikin ganye. Na waje suna kama iskar kabon da wani inzayim, wato sinadarin da ke hanzarta aiki a jikin tsiro, mai saurin kamu, su tura asid mai kabon huɗu zuwa ƙwayoyin da suka kewaye jijiyar ganye, a can a sake sakin iskar, ta taru da yawa a gaban inzayim ɗin da ake kira Rubisko, shi kuma ya shigar da ita hanyar Calvin. Amfanin wannan kewaye ya ƙara fitowa a 1971, lokacin da George Bowes da William Ogren da Richard Hageman suka nuna cewa Rubisko yakan kama iskar oksijin a maimakon ta kabon, asarar da ke ƙaruwa idan zafi ya tsananta. Tsiron C4 ya kauce wa mafi yawan wannan asara, kuma yana iya tsuke ƙofofin ganyensa ya rage zubar da ruwa ba tare da ƙirar sukari ta tsaya ba. Duk wanda ya ga gero yana tashi cikin zafin damina a ƙasar jigawa ya ga wannan tsari yana aiki. Sai dai a kula, kada a mai da shi bayanin duk wani jure fari, domin waken da ake shukawa a tsakanin geron tsiron C3 ne, kuma shi ma yana da nasa dabarun jure ƙishirwa.

A duba baya

Kowace maƙala tana da jerin ayyukan da ta dogara da su, kuma a nan ake gane wanda ya fara hango abu da wanda ya kammala shi. A jerin na Hatch da Slack za a tarar da Hugo Kortschak da Constance Hartt da George Burr, masu bincike a tashar manoman rake ta tsibirin Hawai, waɗanda suka buga a mujallar Plant Physiology a 1965 cewa sinadaran farko a ganyen rake masu kabon huɗu ne. Sun daɗe da ganin haka kafin su buga, abin yana kwance a rahotannin tasharsu. A can birnin Kazan na Rasha kuma, Yuri Karpilov ya ga irin wannan a ganyen masara, ya buga da Rashanci a 1960 a wata mujallar kwalejin aikin gona, masanan Yamma ba su san da shi ba sai bayan shekaru.

A ganina wannan shi ne darasi mafi kusa da mu a cikin tarihin gaba ɗaya. Yawan ambato yana bin harshen da aka yi rubutu da shi da mujallar da aka buga a ciki, kuma aikin ƙwarai yana iya shafe shekaru a cikin rahoton shekara-shekara na tashar bincike ba wanda ya ambace shi. Ɗalibin da ke auna aikin wani masanin gero ko dawa na yankinmu, wanda ya yi rubutunsa da Faransanci a rahotannin cikin gida, idan ya dogara da ƙidayar intanet kaɗai zai zalunce shi. Game da Hatch da Slack kuwa, adalci shi ne a rubuta cewa ba su ne suka fara ganin asid mai kabon huɗu ba, amma su ne suka bi alamar har cikin sukari, suka gano inzayim ɗin da ke tafiyar da aikin, suka nuna cewa hanyar ba ta rake kaɗai ba ce.

A duba gaba, a ƙirga, sannan a tantance

Yanzu ne lokacin ƙidaya ya yi. Ƙirga ambato a matsayin ma'aunin tasiri ya yaɗu ne bayan Eugene Garfield ya fitar da kundin ambato na kimiyya a 1964, kuma tun daga 2004 Google Scholar ya sauƙaƙa wa kowa ganin waɗanda suka ambaci maƙala. Akwai kuma ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya gabatar a 2005, inda h na 20 ke nufin mutum yana da maƙala 20 da aka ambaci kowacensu aƙalla sau 20. A rubuta waɗannan alƙaluma tare da ranar da aka duba su da taskar da aka samo su, domin suna sauyawa, kuma taskoki ba sa daidaita da juna.

Misali guda daga fannin sukari ya isa ya nuna iyakar ƙidaya. Maƙalar da Michel Dubois da abokan aikinsa suka buga a 1956, wadda ta bayyana yadda ake auna sukari da sinadarin fenol da asid, an ambace ta sau dubun-dubata, tana cikin maƙalolin da aka fi ambata a tarihin kimiyya. Dalili shi ne duk wanda ya yi amfani da hanyar awon sai ya ambace ta. Wannan tasiri ne na gaske, amma na kayan aiki ne, ba irin na maƙalar da ta sauya fahimtar yadda ganye ke aiki ba. Saboda irin wannan ne wasu masana da editocin mujallu suka tsara sanarwar San Faransisko a 2012, suna kira da a daina auna mai bincike da martabar mujallar da ya buga a ciki.

Abin da ɗalibi zai yi shi ne ya tsamo maƙaloli kamar talatin daga cikin waɗanda suka ambaci aikin, ya warwatsa zaɓinsa daga shekarun farko zuwa na baya-bayan nan, ya buɗe kowace ya nemo jimlar da aka yi ambaton a ciki. Zai ga wasu sun ambace shi a layin farko don girmamawa kawai, wasu sun ɗauki hanyar gwajinsa, wasu sun gina sabuwar tambaya a kansa, wasu kuma sun yi masa gyara. Kashi biyun ƙarshe su ne nauyin tasiri. A ware kuma inda masanin ko ɗalibansa suka ambaci kansu, ba don laifi ba ne, sai don a san yadda aikin ya fita daga gida.

Mafi girman tasiri kuwa sau da yawa ba ya ɗauke da sunan mai shi. Yau kowane littafin ilimin tsirrai yana bayanin C3 da C4 ba tare da ambaton maƙalar 1966 ba, kuma an gano cewa tsirran C4, waɗanda ba su wuce kusan kashi 3 cikin ɗari na jinsunan tsirrai masu fure ba, su ke yin kusan rubu'in haɗa abincin da tsirran doron ƙasa ke yi. A 1968 Margaret Bender ta Jami'ar Wiskonsin ta lura cewa masara da danginta suna ɗauke da kabon-13, wani nau'in kabon da ya ɗan fi wanda aka saba nauyi, fiye da sauran tsirrai, kuma daga wannan bambanci aka sami gwajin gane zumar da aka gauraya da sukarin rake, tunda ƙudan zuma ya fi ɗibar ruwan furen tsirran C3. Gwajin ba ya kama sukarin gwozar Turai, wata shuka da ake tatsar sukari daga saiwarta, domin ita ma C3 ce. Da wannan bambanci ne kuma masu tonon tarihi ke gane daga ƙasusuwan mutanen dā ko gero da dawa ne abincinsu. A 2008 aka ƙaddamar da shirin dasa tsarin C4 a jikin shinkafa, ƙarƙashin cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin tare da tallafin gidauniyar Gates, aikin da bai kai ga gonar manomi ba tukuna. Lambobin yabo, irin zaɓen Hatch cikin ƙungiyar masana ta Royal Society a 1980 da lambar ilimin halittu ta ƙasa da ƙasa da Japan ta ba shi a 1991, layi ɗaya ya ishe su.

A guji wuce gona da iri. Kada a rubuta cewa wannan bincike ya ƙara yawan damman geron da ake samu a Maraɗi. Gero C4 ne tun kafin a haifi masu binciken, kuma ingantattun irin gero kamar CIVT da aka haɗa a tashar binciken noma ta Tarna an same su ne ta hanyar zaɓe da barbara, ba ta sauya hanyar ƙirar sukari ba. Abin da binciken ya bayar shi ne bayanin dalilin da ya sa waɗannan hatsi suka dace da ƙasa mai zafi da hasken rana.

A taɓa abin da hannu

Kundi yana ƙara daraja idan ɗalibi ya haɗa karatunsa da ɗan gwaji, kuma takanda ta dace da wannan, domin dawa ce mai tara sukari a kara kamar rake. Ba a buƙatar kabon-14. Ana buƙatar ƙaramar na'urar awon zaƙi ta hannu, wadda ke ba da sakamako da ma'aunin Birikis, inda daraja ɗaya ke daidai da giram ɗaya na sukuros a cikin giram 100 na ruwan. A zaɓi tsirrai masu iri ɗaya da ranar shuka ɗaya, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yanke kan rukuni guda da zarar ya fito, a bar ɗaya rukunin ya yi ƙwaya. Daga nan a riƙa auna ruwan karan kowane mako har ƙwaya ta nuna, domin a ga yadda kara da ƙwaya ke rabon sukarin da ganye ya ƙera. Idan tsirran da aka yanke wa kai suka fitar da sababbin rassa, a cire su, in ba haka ba za su janye sukarin su ɓata kwatancin.

A daidaita na'urar da tataccen ruwa ta nuna sifili kafin kowane awo, a ɗauki ruwan daga gaɓa ɗaya a kowane kara, domin zaƙin gindi da na tsakiya da na sama ba ɗaya ba ne, kuma a riƙe lokaci guda na yini. A auna da zarar an yanke, saboda sukuros yana fara rushewa a karan da aka ajiye. An tsara ma'aunin ne a kan zafin digiri 20, don haka a yanayinmu sai a nemi na'ura mai gyara wa kanta bambancin zafi, ko a yi awon a inuwa da sassafe. A rubuta a fili cewa Birikis yana auna duk abin da ya narke a ruwan, ba sukuros kaɗai ba.

Wajen rubuta babin, a fara da tambayar da masanin ya tarar da yadda aka fahimce ta kafin shi, a kawo gwajinsa da abin da ya nuna, a ambaci waɗanda suka riga shi da waɗanda suka gyara masa, sannan a kawo alƙaluman ambato tare da tantancewar maƙaloli talatin ɗin. Sakamakon takanda ya zo a sashensa daban, da adadin tsirran da aka auna da ranakun awo, kuma kada a danganta shi da hanyar C4 kai tsaye, tunda ajiyar sukari ya auna, ba ƙirarsa ba.